Rasuwa da haihuwa a gida ɗaya: shin in fita godiya ranar Lahadi?

Sabuwar Kaka (Brigade):
Salamar Ubangiji gare ku, 'yan'uwa. Na daɗe a zauren nan ban taɓa cewa uffan ba, yau kam abin ya fi ƙarfina. Waɗanda muke majami'a ɗaya sun san maigidana ya yi barci watan jiya. Mun kai shi gida can ƙasar Sumaila, muka binne shi kusa da iyayensa. Kwana 19 bayan nan 'yata ta fari ta sauka, an sami namiji. Shekara 6 da aurenta ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Duk shekarun nan, in mun durƙusa da asuba, da sunanta babanta yake fara addu'a. Da ciki ya tabbata, shi da kansa ya je kasuwar Sabon Gari nan Kano ya sayo tukunyar wanka, ya yi cinikin itace, ya ce haihuwar fari a gidan uba ake wanka, ba mai hana shi wannan. Tukunyar tana nan, ni ke hura mata wuta kowace asuba cikin sanyin nan. Shi kuwa bai ga yaron ba.

Ranar Lahadi za a miƙa yaro a majami'a, a yi godiya. Surukina da danginsa sun shirya, kuma ban ga laifinsu ba, sun jira sun gaji. An ce ni zan ɗauki jariri in shige gaba, mata su biyo ni da waƙa da rawa har gaban bagade. 'Yan'uwa, ƙafata ba za ta ɗauki rawa ba. Jiya wata da nake ganin girmanta ta same ni ina hawaye a bakin murhu, ta ce, "Kukan ya isa haka. Allah ya share miki hawaye da jika, kada ki yi masa butulci." Tun jiya maganar nan take cina. Butulci nake yi? In fita in yi rawar da ba ta kai zuci ba, ko in zauna a gida a ce kaka ba ta yi murna da jikanta ba?

Mai Ɗinki (Sabon Gari):
Wayyo Mama. Sannu da haƙuri, barka kuma da arziki. Ban ma san wanda zan fara faɗa ba. Allah ya raya yaro, ya ta'azantar da ke.

Direban Tifa:
Allah ya ba da haƙuri, Mama. Ba ki yi butulci ba.

Dattijon Ikkilisiya:
Salama, 'yar'uwa. Na san maigidanki, mun zauna kwamiti ɗaya, mutum ne mai tsoron Allah. Zan faɗa miki gaskiya ko da ba daɗi. Manzo Bulus ya rubuta wa Tasalonikawa kada su yi baƙin ciki kamar sauran da ba su da bege, duba 1 Tasalonikawa 4:13. Mu a garin nan idon jama'a yana kanmu. Yadda muke ɗaukar mutuwa shi ne wa'azin da maƙwabta suke karantawa, ba su shiga majami'armu amma suna ganin fuskokinmu. Ki share fuska, ki ɗauki jikanki, ki fita. Addu'ar shekara 6 aka amsa. In ke ba ki yi rawa ba, wa zai yi?

Malamin Makarantar Lahadi:
Baba, da girmanka, ina roƙon a karanta ayar har ƙarshenta. Bulus bai ce kada a yi baƙin ciki ba. Iri ya bambanta: akwai na mai bege, akwai na marar bege. Wanda ya rubuta ayar nan shi ne ya ce wa Filibiyawa, da a ce abokin aikinsa Abafaroditus ya mutu, da baƙin ciki ya hau masa kan baƙin ciki. Ubangijinmu kuma ya tsaya a kabarin Li'azaru, ya san minti kaɗan ya rage ya kira shi ya fito, duk da haka ya zubar da hawaye, Yahaya 11:35. Wa ya fi shi bege a wurin? Isra'ilawa kwana 30 suka yi suna makokin Musa. Mama ko kwana 40 ba ta cika ba.

Dattijon Ikkilisiya:
Ɗana, na san ayoyin nan tun ba a haife ka ba, kuma ban ce hawaye zunubi ne ba. Amma ku yaran yanzu ba ku ga abin da muka gani ba. A ƙauyenmu, lokacin ina yaro, in miji ya mutu sai a aske matar, a zaunar da ita a ƙasa wata da watanni, ba wanka mai kyau, ba kasuwa, ba dariya. In an ga haƙoranta sai a ce da hannunta a mutuwar. Uwata ta yi wannan zaman, na gani da idona. Masu bi na farko su suka shiga ɗakunan nan suka kama hannun matan suka ce ku tashi, Almasihu ya tashi, mutuwa ba ta da iko a kanku. Wannan "kukan ya isa" da kuke jin zafinsa yau, a wancan lokacin kalmar 'yanci ce. Abin da nake tsoro shi ne mu mayar da matanmu cikin ɗakin da aka fitar da iyayenmu.

Malamin Makarantar Lahadi:
Wannan ban san shi haka ba, Baba, na gode. Sai dai a ganina su an tilasta musu kuka ne, Mama kuma ana so a tilasta mata dariya. Tilas ɗin ce ban so, ta kowane gefe.

Mai Ɗinki (Sabon Gari):
Ni dai bari in faɗi abin da nake gani a shago. Kowace godiya sai an fitar da anko, sai rumfa, sai kujeru, sai buhun shinkafa, sai mai kiɗa. Sana'ata ce, da ita nake ci, amma wani lokacin ina auna mace ina ganin ranta ba ya wurin, kuɗin atamfar ma bashi ta ci. Gidan da bai gama biyan kuɗin motar gawa ba, a ce kuma ya fitar da anko? Mama, in an kawo miki atamfa ki kawo in ɗinka, ba zan karɓi ko kwabo ba. In kuma ba ki so, ki sa wadda ranki ya kwanta da ita.

Matashi (Badawa):
Ai ba dole sai an yi duk wannan ba. Maryamu da Yusufu da suka kai Yesu Haikali, 'yan kurciyoyi biyu ne hadayarsu, ta talaka. Kuma a wurin ne tsoho Saminu ya rungumi jaririn yana yabon Allah, ya juya ya ce wa uwar takobi zai soki ranta. Ranar miƙa yaro ce fa. Murna da maganar baƙin ciki a baki ɗaya.

Direban Tifa:
Ni ban iya ayoyi kamar ku ba, abin da na gani zan faɗa. Da 'yata ta rasu tana shekara 4, a Naibawa muke haya, mu kaɗai ne masu bi a layin. Kafin 'yan majami'armu su iso daga Sabon Gari, maƙwabta Musulmi sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, sun zauna. Kwana 3 suna zaune da ni. Mutum zai zo, ya miƙa hannu, ya ce "Yaya haƙuri?", ya zauna, ya yi shiru, in ya jima ya tashi. Matansu suna aiko da kunu da tuwo. Namu da suka zo, kowa da wa'azinsa. Wani ya ce Allah ya fi ni sonta. Wani ya ce in binciki kaina ko akwai ƙofar da na bar wa Shaiɗan. Wannan ta biyun har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi zafi. Ban bar majami'a ba, ba zan bari ba, amma waɗanda suka yi shiru su suka riƙe ni a kwanakin.

Malamin Makarantar Lahadi:
Abokan Ayuba ke nan. Kwana 7 dare da rana suna zaune da shi a ƙasa, ba wanda ya ce masa kome, don sun ga zafin ya yi yawa. Da suka buɗe baki suka fara nemo masa laifi, a ƙarshen littafin Allah ya ce ba su faɗi gaskiya a kan shi Allah ba.

Dattijon Ikkilisiya:
Wanda ya ce maka ka bar wa Shaiɗan ƙofa ya yi kuskure babba, direba. Da a gabana ne da na tsawata masa. Ka yafe masa.

Direban Tifa:
Na yafe, Baba. Mantawa ce ta gagara.

Sabuwar Kaka (Brigade):
Ina karantawa duka, na gode. Direba, maganarka ta tuna mini da Hajiya maƙwabciyata. Tun ranar da aka sauka, da ta idar da sallar asuba sai ta turo ƙofa, mu kama tukunyar nan tare, don ni kaɗai ba na iya sauke ta. Ita ta kawo ganyen darbejiya, ita ta tsaya a kan ƙauri ranar kwana huɗu. Ba ta taɓa ce mini in daina kuka ba. In ta ga na fara sai ta karɓi muciyar ta ci gaba da tuƙi.

Akwai wani abu kuma da ban faɗa ba. An sa wa yaron sunan kakansa, ana kiransa Abba. Kun san wasanmu na kaka da jika. Duk macen da ta shigo barka sai ta ce, "Ga maigida ya dawo, ga sabon ango, kaka sai a tashi a yi kwalliya." Na san wasa ne, ni ma na yi wa wasu. Amma duk lokacin da aka ce "maigida" sai in juya in dubi ƙofa. Har yau ban iya kiran yaron da wannan sunan wasa ba, kuma ina jin kunyar 'yata, kada ta ga kamar ban karɓi ɗanta ba.

Dattijon Ikkilisiya:
A nan kam ina tare da ke. A bar cewa "ya dawo". Bai dawo ba, yana wurin Ubangiji. Dawuda da ɗansa ya mutu cewa ya yi shi zai je wurin yaron, yaron ba zai komo wurinsa ba. Jariri mutum ne dabam, kada a ɗora masa nauyin cike gurbin wani.

Mai Ɗinki (Sabon Gari):
Baba, ba da wannan nufin suke faɗa ba, al'ada ce kawai. Amma lalle bakinmu mu mata yana gudu wani lokaci.

Gwauruwa tun 2012:
Yaya, ban cika magana a nan ba, amma tun da na ga saƙonki na kasa barci. Bari in ba ki nawa, ki ɗauki abin da zai yi miki amfani.

Mijina ya fita ranar Juma'a, 20 ga Janairu 2012, ya ce zai karɓo kuɗin wani aiki ya dawo kafin magariba. Duk wanda yake Kano ranar ya san hare-haren bama-bamai da harbe-harben da aka yi da yamma. Aka sa dokar hana fita, ko ƙofar gida ba na iya wucewa, wayarsa tana shiga ba a ɗauka. Sai bayan kwana 2 ƙanensa ya gano shi a ɗakin ajiye gawa. Ina da cikin wata 7. Mutane da yawa suka kwashe kaya suka bar garin a watannin nan, har da waɗanda na ɗauka su za su riƙe ni. Ni ban tafi ba, don a nan aka haife ni, ban san wani gida ba.

Na haihu cikin Maris, mace. Ranar godiya aka ɗaura mini ɗankwali, aka ce in yi murmushi saboda shaida. Na yi. Na yi rawa har gaban bagade, kowa ya ce ga mace mai bangaskiya, har aka kawo ni misali a wa'azi. Yaya, wannan yabon shi ya kulle ni. Tunda an ce ni jaruma ce, ban ƙara samun inda zan yi kuka ba. In mata sun zo sai su ce, "Ke ai kin fi mu ƙarfi." Shekara 2 ina tafe kamar itacen da gara ta cinye ta ciki. Addu'a ta ƙi fita. In na buɗe Littafi Mai Tsarki sai in ga baƙaƙe kawai.

Abin da ya kwance ni, wata tsohuwa ce a Zumuntar Mata, ba ta iya karatu sosai ba. Ta zo wata Alhamis ta ce in karanta mata Zabura 88, wai idonta ba ya gani. Na karanta. Ban taɓa lura ba sai ranar: zaburar nan daga farko har ƙarshe kuka ce, ba ta juya ta koma yabo kamar sauran ba, a duhu ta ƙare. Na ce, "Mama, wannan ma a cikin Littafi take?" Ta ce, "Tana ciki, kuma ba wanda ya cire ta." A nan na fashe. Ta bar ni na yi har na gaji, sannan ta tashi ta dama mini kunu. Daga baya na gane ta san zaburar da ka, da gangan ta zaɓe ta.

Na'omi da ta koma Baitalami ta ce kada a kira ta Na'omi, a kira ta Mara, gama rayuwarta ta yi ɗaci. Ba a rubuta cewa matan garin sun ce mata ta yi butulci ba. Kuma ita ɗin ce a ƙarshen littafin ta ɗauki jariri ta rungume a ƙirjinta ta zama mai renonsa. Ba a ce ta yi rawa ba. An ce ta ɗauke shi.

Shawarata, ki je. Ki ɗauki Abba, don hannunki ne ya kamata ya kai shi, hannun da ya kama na kakansa kuna roƙonsa. Ki yi tafiyarki a hankali. In hawaye ya zo ki bar shi. Masu rawa su yi rawarsu a bayanki, su ma da gaskiyarsu. Kada ki yi abin da na yi.

Mai Ɗinki (Sabon Gari):
Kai. Yaya, shekara nawa muna zama benci ɗaya ban san wannan ba. Ki gafarce mu.

Direban Tifa:
Ranar nan ina kan hanyar Zariya da lodin yashi, a mota na kwana. Allah ya raya miki yarinyar.

Gwauruwa tun 2012:
Amin. Tana makarantar sakandare yanzu, tana cikin ƙungiyar mawaƙa. Muryar babanta ta ɗauko.

Matar Fasto:
Na shigo a makare, ina asibiti wurin dubiya. Na karanta daga sama har ƙasa. 'Yar'uwa mai maganar 2012, ina cikin waɗanda suka yaba miki a lokacin, ban san muna ɗaure ki ba ne. Romawa 12:15 ta ce a yi murna da masu murna, a yi kuka da masu kuka. Mun iya na farkon ƙwarai, muna da ganga da kacau-kacau da tukunyar kiɗa. Na biyun ne muke gaggawar gamawa. Zan yi magana da Baba Fasto da shugabar Zumunta yau. Ba wata doka da ta ce sai kaka ta yi rawa. Ana iya tsayawa kafin waƙar godiya a ambaci sunan marigayi, a faɗa wa jama'a cewa wannan yaro amsar addu'arsa ce, a rera waƙar da yake so daga Littafin Waƙoƙi, sannan a shiga murna. Mama, in kin yarda.

Dattijon Ikkilisiya:
Ban ƙi wannan ba. Amma a kula kada sujadar godiya ta koma jana'iza ta biyu. Yarinyar nan da mijinta su ma suna da hakki, shekara 6 suna shan gori. Ranarsu ce. Na ga inda baƙin cikin babba ya rufe farin cikin yaro har yaron ya ji kamar laifi ya yi da ya yi murna.

Matar Fasto:
Gaskiya ne, Baba, shi ya sa za a tambayi mai jegon ita ma. Kada mu manta uba ta rasa tana da tsohon ciki, ko jana'izar ba a bar ta ta je ba saboda hanya. Kowa yana ce mata barka, ban sani ba ko akwai mai ce mata sannu.

Sabuwar Kaka (Brigade):
Mama Fasto, kin taɓa inda ban duba ba. Ina ɓoye mata hawayena don kada nononta ya ɗauke, ashe wataƙila ita ma ɓoye mini take yi. Da dare ina jin motsinta, ina ɗauka yaron ne ya tashe ta.

Malamar Jinya:
Mama, bari in sa baki ta fannin aikina, don jiki ma na Allah ne. Na farko mai jego: a sassauta zafin ruwan wanka, ya zama mai ɗumi da jiki zai ɗauka, kuma a rage kunun kanwa. Kanwa gishiri ce mai yawa, tana tara ruwa a jiki, tana ta da hawan jini, likitoci a Zariya sun daɗe da gano alaƙarta da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. In kin ga ƙafarta ta kumbura, ko tana haki in ta kwanta, ko ciwon kai mai tsanani, a tafi asibiti a ranar, kada a jira. In kuma ta wuce mako 2 ba ta cin abinci, ba ta sha'awar ɗaukar yaron, tana yawan kuka, wannan ma ciwo ne da ake magani, ba rashin addu'a ba ne.

Na biyu ke kanki. Yaushe rabon da a auna jininki? Kina barci kuwa? Annabi Iliya da ya kwanta a gindin itace ya ce Allah ya ɗauki ransa, mala'ika bai yi masa faɗa ba, abinci da ruwa ya ba shi, ya bar shi ya sake barci. Zan biyo ranar Asabar da abin awo.

Sabuwar Kaka (Brigade):
Barci kam sai dai ɓarawo, 'yata. Da na rufe ido sai lissafi: kuɗin haya zai ƙare a Fabrairu, autana yana aji 5 a sakandare, ga Kirsimeti ta matso, ta farko ba shi. Ina karanta Matiyu 6, inda Ubangiji ya ce a dubi tsuntsaye, kada a damu da gobe. Sai in ji kamar wani laifin nake ƙarawa a kan na kukan.

Matashi (Badawa):
Mama, wannan tambayar ni ma tana damuna. Uwata tana Jos, ni ina aiki a nan. In ba ta ji muryata da dare ba ba ta runtsawa, in na hau hanya kuwa tun daga tasha take kira har in sauka. Kullum ina ce mata damuwa rashin bangaskiya ce. Yanzu da nake karanta zancen nan sai nake jin kamar ban kyauta mata ba.

Matar Fasto:
Ɗana, ka daina faɗa mata haka, ka riƙa kiranta kafin ta kira ka. A Gatsemani Ubangiji ya ce wa Bitrus da Yakubu da Yahaya ransa yana shan wahala har kamar ya mutu, ya roƙe su su zauna a faɗake tare da shi. Bai ɓoye ba, kuma mutane ya nema kusa da shi. Bitrus ya ce mu zuba masa dukan damuwarmu don yana kula da mu. Ai sai da kaya ake saukewa. Ni yadda na fahimci Matiyu 6, uba ne yake ce wa ɗansa kwanta, ina nan, ba alƙali ne yake karanta laifi ba. Kuma sau da yawa ta hannun 'yan'uwa yake ciyar da tsuntsayen nan. Yakubu 1:27, mai cewa a kula da marayu da gwauraye, a kanmu take, ba a kan gwauraye ba.

Ma'aikacin Banki (Hotoro):
To bari in ɗauki nawa kason. Mama, na san Baba ya yi aiki a kamfani a Sharaɗa. In ana cire masa kuɗin fansho, kuɗin nan suna nan a asusunsa, hakkinku ne. Ki nemo takardar da asibiti suka bayar, a karɓi takardar shaidar mutuwa a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. In bai bar wasiyya a rubuce ba, sai an nemi takardar izinin kula da dukiyar mamaci a babbar kotu, da ita kamfanin fansho da banki suke sakin kuɗi. Sannan dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa wuraren aikin da ke cikin tsarin su yi wa ma'aikaci inshorar rai da ba ta gaza ninki 3 na albashinsa na shekara ba. Iyalai da yawa ba su san da wannan ba, sai su bar shi. Abin yana cin lokaci, gara a fara yanzu. Kada ki ba kowa asalin takardu, hoto za ki riƙa bayarwa. Zan raka babban ɗanki duk inda za a je.

Dattijon Ikkilisiya:
Madalla. Maganar haya kuma a bar mana, zan kai ta gaban dattawa ranar Laraba. Ba a nan za a tattauna ta ba.

Direban Tifa:
Itace fa, Mama? Wankan ai sai an yi arba'in. Zan sauke miki ranar Juma'a in na dawo daga lodi.

Mai Kula da Zaure:
Duk mai son sa hannu ya same ni ta gefe, kada a jera alkawari a nan. Masu zuwa Brigade ranar Asabar, ƙarfe 4, kuma ba taro za a yi ba, zama ne.

Sabuwar Kaka (Brigade), Litinin da safe:
Salama, 'yan'uwa. Na ce sai na dawo na ba ku labari.

Daren Alhamis na shiga ɗakin 'yata na zauna a bakin gado, na ce, "Ke ma kina kewarsa ko?" Ba ta amsa ba, sai ta kifa kai a cinyata kamar tana 'yar shekara 5. Mun yi kuka har yaron ya farka ya taya mu. Ta ce tun ranar suna take son ta tambaye ni abin da babanta ya faɗa a ƙarshe, tana tsoron tayar mini da ciwo. Na faɗa mata. Ita ce ta zaɓi waƙar da aka rera.

Jiya na je. Ban sa anko ba, zanen da ya saya mini Kirsimetin bara na ɗaura. Baba Fasto ya ambaci sunansa, aka yi waƙar, ban iya buɗe baki ba. Da aka buga ganga na ɗauki Abba na taka a hankali, hawaye yana sauka a kan zanen goyonsa. 'Yar'uwarmu ta 2012 tana dama da ni, ta riƙe mini gwiwar hannu har gaban bagade. A bayana dangin surukina suna rawa da guɗa, 'yata ma ta taka, na ji daɗin ganin haka. Baba Dattijo, na gan ka ka miƙe tsaye da muka zo wucewa, na gode. Matar da ta yi mini maganar butulci ta zo bayan sujada ta karɓi yaron ta yi masa wasa, ba mu tayar da zancen ba.

Da muka koma gida na ɗauko Littafi Mai Tsarkinsa, tsohon nan mai baƙin bango da ya sha ɗinki. A shafin farko ya rubuta ranar aurenmu da sunayen yaranmu huɗu da ranakun haihuwarsu. Na sa autana ya rubuta na Abba a ƙasa, don hannuna yana rawa.

Malamar jinya ta ce jinina ya hau, ta rubuta mini inda zan je gobe, zan je. Itace ya iso, direba, Allah ya kiyaye hanya. Yau da asuba Hajiya ta shigo muka sauke tukunya, yaron yana ta tsala kuka a ɗaki, uwarsa tana wanka. Na shiga na ɗauke shi, sai na ji bakina ya ce, "Yi shiru mana, maigida, ga ni." Hajiya ta dube ni, ta ci gaba da tura itace.